Rubutun Baibai

Tsohon silifa ba ya mutuwa a ɗakina.
In wanke shi, in shanya, in sa masa reza,
kafin la'asar ya zama dorina
mai hamma, irin na ƙarƙashin gadar Binuwai.

Fure na iya shi tun ina ƙarama,
amma mazan Garwa ba su san inda za su ajiye fure ba.
Ka miƙa wa namiji, sai ya riƙe shi kamar garwashi.
Don haka na yanka musu abin da idonsu ya saba gani:
butar shayi, ƙugiya, tayar babur,
motar auduga da ta sha lodi har ta karkace,
da ƙwallo guda da ta fito kamar ƙwai.
Na bar ta haka. Yara ba su taɓa ƙorafi ba.

Takardata kwalin sukari ne, na juya cikinsa waje.
Ja daga karan dafi,
baƙi daga gindin tukunya da ɗan ƙaro,
shuɗi kuwa saye nake, shi ya sa nake rowarsa.
A watan zafi tawada kan bushe a kan hatimi
kafin in gama bisimilla,
sai in tashi aiki tun asuba,
ni da fitila da sauro.

Tasi'u mai gyaran babur ya zo, hannu duk baƙin mai.
Bai taɓa komai ba, da haɓa ya nuna.
"Na ƙanena ne, ya ci jarrabawa."
Na ce, me zan buga a ciki?
Ya dubi titi, ya dubi takalminsa.
"Ki sa: ya yi."
Shi ke nan?
"To, ki ƙara madalla."
Ya cusa katin cikin hula, ya mayar da ita kansa,
ya fita kamar wanda ya sayo abin kunya.

Garga kuwa, kwanansa tara da kaciya,
yana tafiya a buɗe kamar agwagwa,
gwaggonsa ta zaɓa masa mai dorina.
Ya tura baki, shi zaki yake so.
Na ce, je ka tambayi masunta wa suke tsoro.
Ya karɓa da hannu biyu, ya gyara tsayuwa.

Rezar nan a hannun babana na san ta.
Shekara talatin yana gindin darbejiya gaban gidan waya,
yana yanka wa 'yan kasuwa hatimi,
sunan wasu, lambar shagon wasu.
Shi ya koya mini: harafi a baibai ake yanka shi,
sai an danna yake miƙewa.
Ban taɓa jin "kin kyauta" daga bakinsa ba.
In aikina ya yi, sai ya yi tari,
ya ce a kawo ruwa.
Na daɗe kafin na iya karanta tarin nan.

Yanzu hakiya ta rufe masa ido,
ja da shuɗi duk ɗaya ne a wurinsa.
Daren jiya na yanka nasa,
ba da silifa ba, da guntun icen ƙirya
wanda ya cinye mini reza biyu da fatar yatsa.
Na jiƙa kwali, ban sa tawada ba,
na hau kai da dukkan nauyina
har haruffa huɗun suka nutse.

Da safe na sa masa a tafin hannu.
Ya bi su da babban yatsa,
daga wannan gefe zuwa wancan,
ya dawo, ya sake bi.
Ya ce, "Na farkon ya karkace."

Sai ya yi tari.
Na tashi na ɗebo ruwa.